Gurbin Igiyar Bahaguwa

A ƙauyen su Iya Kyauta, arewa da Ɗanzomo, akwai wata tsohuwar rijiya da aka gitta wa itacen kirya a baki tun kafin mutanen wurin su san siminti. A kan itacen nan ake ɗora igiya a ja guga. Igiya kuwa takan fito da yashi a jikinta, yashin ya riƙa cin itacen sannu a hankali, har ta kai kowane gida yana da gurbinsa. Mace ba ta jan ruwa a gurbin wani gida. Ko ta tarar da bakin rijiya ba kowa, nasu za ta nema ta saka igiyarta.

Iya Kyauta ta bar ƙauyen ne bayan idonta ya tafi. Ɗanta Usaini, kafinta a Gumel, shi ya je ya ɗauko ta, aka haɗa su ɗaki ɗaya da jikarta Zakiyya.

Zakiyya a hannun kawun nata ta tashi. Mahaifiyarta, Ummulkhair, ta rasu tun tana rarrafe, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Ita ce 'yar farin Iya, don haka Iya ba ta taɓa faɗin sunanta ba, da ranta da bayan ranta. An ce ko ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Zakiyya ta san alkunyar ɗan fari kamar yadda kowa ya sani, shi ya sa ba ta taɓa tambaya ba. Sai dai sau da yawa takan kwanta tana jin numfashin tsohuwar, tana tunanin duk abin da ya rage na uwarta a duniya yana cikin ƙirjin nan, kuma ba zai fito ba.

Da ta gama jami'a aiki bai samu ba, sai Kawu Usaini ya ware mata kusurwa a rumfarsa. Nan ta kafa injin leza, wanda ke ƙona zane a jikin katako da wani siririn haske. Tana yi wa makarantu allunan yabo, tana yi wa direbobin Maigatari maƙalan makulli masu sunan mota. Aikin ya dace da ita, don ba ya buƙatar surutu.

Wata rana aka yi haihuwa a ƙauye, aka ce Zakiyya ce za ta wakilci gidan wajen suna. Tana ɗaura gyale Iya ta ce, “Ƙawata, in kin je ki gaida rijiya.”

“Mutane fa, Iya?”

“Mutane suna da baki, sa gaida kansu.”

Gidan suna ya cika, ga guɗa ga tambayar yaushe za a sha nata bikin. Da la'asar ta sulale ta nufi rijiya. Ta tarar da itacen ya yi baƙi ya yi sulɓi, ga gurabun igiya a jere a jikinsa, wasu har yatsa na nutsewa, ga wata doguwar tsaga ta ratsa tsakiyarsa. Ta ciro waya ta shiga ɗauka. Ta tsuguna ta ɗauka, ta miƙe ta ɗauka, ta zagaya ta kowane ɓangare kamar yadda aka koya musu a jami'a, kowane hoto yana hawa rabin na bayansa. Wata mata mai tulu ta tsaya tana kallonta.

“'Yar birni, ango kika samu a ciki?”

Zakiyya ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, ta ci gaba.

Ba a yi nisa da wannan ba Kawu Usaini ya dawo daga kasuwar Sule Tankarkar da labari. An rufe bakin rijiyar da siminti, an sa famfo mai aiki da hasken rana, mata sun huta da igiya.

“Alhamdu lillahi,” in ji Iya. Can ta ce, “Itacen fa?”

“An ba maƙeri, ya yi gawayi da shi.”

“To. Kirya ai gawayinta na da kyau.”

Ranar furarta ta kwana a kwano. Kashegari ma kurɓa biyu ta yi ta ture. Matar Kawu ta ce zazzaɓi ne ke son kama ta. Zakiyya dai ta lura tsohuwar tana zaune a bakin gado, babban yatsanta yana kai da komo a gefen katakon gadon, kamar mai laluben wani abu.

Sai ta je rumfa ta zuba hotunan nan a kwamfuta. Manhajar da ke mai da hotuna siffa ta daɗe tana haɗa su, daga ƙarshe itacen ya bayyana sukutum, ana iya juya shi a ga ciki da baya. Amma injin leza bai san siffa mai juyawa ba, hoto shimfiɗaɗɗe kawai yake karantawa. Don haka sai an tsaya daidai saman siffar an leƙo ta, a mai da tudu da kwarinta launi: inda ya fi tudu ya zama fari, inda ya fi zurfi ya zama baƙi, abin da ke tsakani ya zama toka-toka. Wannan hoton shi ake kira taswirar zurfi. Injin yakan tsallake fari, ya ɗan lashi toka, ya ci baƙi sosai.

Itacen ya fi bakin injin tsawo nesa ba kusa ba, sai ta rage shi ya dawo kamu ɗaya. Kawu ya fere mata allon maɗaci ya goge. Injin ya yini yana zirga-zirga, hayaƙi mai ɗaci yana fita ta bututu. Da ta wanke tokar da burushi, sai ga itacen rijiya a hannunta, ƙarami, da tsagarsa da gurabunsa.

Bayan sallar la'asar ta ɗora wa Iya a cinya.

“Me kika kawo mini, allon karatu? Ai na tsufa da wanke allo.”

“Taɓa ki ji.”

Iya ta shafa sau ɗaya daga dama. Hannunta ya tsaya. Ta koma farko, a hankali wannan karon, fuskarta ta saki.

“Ke, 'yar nan. A ina kika samo shi? Ba an ce an ƙona ba?”

“An ƙona. Wannan kamanninsa ne na yi.”

“Ya rame dai,” in ji Iya, ta yi dariya, dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba. Ta sa yatsa a gurbi na farko. “Gidan Liman. Su ne suka fi kowa zurfi, don alwala ba ta ƙarewa. Wannan na gidan Ɗantsoho ne. Ga na su A'i mai ƙuli, ita da ba ta jan guga sai da waƙa, waƙar ma ba daɗi. Wannan tsagar kuwa shekarar da raƙumin Buzaye ya taka ta faru.” Yatsan ya matsa. “Ga namu. Uwar mijina ta ja a nan, na ja a nan.”

Kawu Usaini na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi. Yatsan Iya ya wuce gurbin gidansu ya nufi ƙarshen allon ta hagu, inda katakon yake sumul. Ya shafa wurin. Ya dawo ya ƙirga daga nasu, ya sake zuwa. Ta karkata allon, ta gwada da farce. Zakiyya na kallon yatsan nan yana zagaya wuri ɗaya, har dariyar da ke fuskar tsohuwar ta gama bushewa.

“Akwai abin da babu ne, Iya?”

“Ya yi kyau,” in ji Iya. “Allah ya yi miki albarka.”

Ta sunkuya ta tura allon ƙarƙashin gado, ta ja carbinta.

Da safe a rumfa Zakiyya ta jira har Kawu ya kashe injin yankan katako, sannan ta ce, “Kawu, me ke ƙarshen itacen ta hagu?”

Ya ɗan jima yana kaɗe garin katako daga rigarsa.

“Ashe kin gani.”

“Na ga hannunta.”

Ya jawo benci ya zauna. “Yaya bahaguwa ce. Mahaifiyarki. Ba wanda ya gaya miki ko? An yi faɗa, an yi duka, har ɗaure mata hannun an yi, ta koma ci da dama, rubutun allo da dama. Amma guga ya fi ƙarfin damarta. In ta sa igiya a gurbin gidanmu sai ta goce, don ita ta wancan gefen take tsayawa. Sai ta matsa can ƙarshe inda ba kowa, ta riƙa ja a nan. Tun tana 'yar mitsitsiya har aka kai ta ɗaki. Wurin ya yi ɗan zane a karkace, ba shi da wani zurfi. Bayan ta babu wanda ya sake sa igiya a wurin.” Ya dubi ƙasa. “Nakan raka Iya ɗiban ruwa bayan rasuwar. In ta gama ja, sai ta dafa wurin nan kamar mai hutawa, sannan ta ɗauki tulu. Kullum. Ni a lokacin na ɗauka gajiya ce.”

Zakiyya ta juya ta buɗe kwamfuta. Ta buɗe taswirar ta faɗaɗa ƙarshen hagu. Fari ne fat, ba ɗigo.

“Babu ko?” in ji Kawu daga bayanta. “Wataƙila rana da ruwa sun shafe shi tun tuni.”

Wannan shi ne abin da take tsoro. In ya shafe kafin ta je, ya tafi ke nan, don itacen ya zama toka a maƙera. Ta bar taswirar ta koma kan hotunan asali, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu tsakiyar itacen ta ɗauka, inda gurabu masu zurfi suka ja mata ido. Ƙarshen hagu sai a gefen hoto yake faɗowa, wani a dushe, wani inuwarta ta rufe. Har ta kusa ƙarewa, sai ga waɗanda ta ɗauka a tsugune lokacin da matar nan mai tulu ke mata tsiya. Rana ta yi ƙasa a lokacin, haskenta ya kwanta a jikin itacen. A can gefe akwai wata siririyar inuwa, ta karkata saɓanin sauran.

Ta sa yatsa a gilashin. “Kawu.”

Ya sunkuyo ya duba, ya daɗe. Ya ce, “Shi ne. To me ya hana shi fita a allon?”

“Launin tokar da injin ke ganewa ƙidayayye ne, ɗari biyu da 'yan kai. Na raba su daga saman itacen har ƙasan tsagar nan. Tsagar da gurbin gidan Liman suka kwashe kusan duka. Abin da bai kai kaurin farce ba ko launi ɗaya bai samu ba. Ga shi kuma na rage girman, sannan manhajar ta goge abin da ta ɗauka ƙura ce.”

“Manya sun cinye rabon ƙanana ke nan.”

“Haka ne.”

“Zai gyaru?”

“Ban sani ba tukuna.”

Ta sake haɗa siffar daga farko, ta hana manhajar goge komai. Abin ya fito da ƙuraje da tarkace, ta bi su da hannu tana cirewa, tana kaffa-kaffa da ƙarshen hagu. Ta yanke sauran itacen ta ajiye, ta bar daga gurbin gidansu zuwa ƙarshe kawai, yadda zai shiga injin da girmansa na gaskiya. Sannan ta matso da iyakar baƙi sama: maimakon ƙasan tsaga, ta ce zurfin ƙwayar gero biyu daga saman itacen shi ne baƙi. Duk launukan tokar suka taru a wannan ɗan tsakanin.

Farin nan ya fara rarrabuwa. Jijiyoyin itacen suka fito. A tsakiyarsu wani layi mai duhu kaɗan ya kwanta a karkace, ya fi faɗi ta bakin rijiya, ya sirance ta inda mai ja ke tsayawa.

Zakiyya ta zauna tana kallonsa. Ba ta taɓa ganin wani abu da uwarta ta yi ba sai yau.

Kawu ya share ido da bakin hula. “Ki ƙara masa zurfi mana. Ai kina iyawa ko? Hannun tsohuwa ya yi kanta, kada ta sake nema ta rasa.”

Tana iyawa. Ja ɗaya ne da yatsa, layin ya yi baƙi ƙirin kamar na gidan Liman. Ta ɗora yatsan ta ja kaɗan, gurbin ya zurfafa a gilashi, ya yi kyau, ya zama irin na macen da ta ja ruwa har ta ga jikoki. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta mayar da shi inda yake.

“Ba haka ta bar shi ba, Kawu.”

“In ba ta ji shi ba fa?”

“In na ƙara, ba nata za ta ji ba. Nawa ne.”

Kawu ya tashi ya shiga tonon tarin katakonsa, har ya zaƙulo wani guntun kirya da ya daɗe yana ɓoyo don ƙotar gatari. Ya fere shi, ya goge fuskar har tana ɗaukar ido.

Kirya ba ta ƙonuwa da sauƙi. Zakiyya ta gwada a gefe sau da dama, tana auna ramin, kafin ta sami ƙarfin hasken da zai ba da zurfin daidai. Gurbin gidansu ya fi abin da injin zai iya ci, sai Kawu ya ƙarasa shi da kurfi, ƙarfen sassaƙa, yana bin alamar da ta yi masa. Da aka gama ta wanke, ta shafa man gyaɗa kaɗan don ya yi sulɓin itacen da hannu ya saba taɓawa. Ta rufe ido ta shafa ƙarshen hagu. Ba ta ji komai ba. Ta sake shafawa, ta ce ko akwai, ko zuciyarta ce. Duk da haka ta naɗe shi a ɗankwali ta tafi da shi gida.

Ta sami Iya a tsakar gida kan tabarma, an ajiye mata fura ba ta taɓa ba. Ta durƙusa ta ɗora mata a cinya.

“Wani kuma? Ƙawata, so kike ki mai da ni mai sayar da itace?”

“Wannan guntu ne, Iya. Amma girmansa ne na gaskiya.”

Iya ta ɗaga shi ta ji nauyi, ta kai hanci. “Kirya,” ta ce. Ta sami gurbin gidansu, yatsunta biyu suka shige. Daga nan hannun ya tsaya, kamar ba ya son ya wuce. Kawu Usaini ya zo ya tsaya daga nesa. Matarsa ta bar tankaɗen da take yi.

Hannun ya matsa hagu. Bai yi lalube ba. Kai tsaye ya tafi, tazarar da ya saba, ya sauka. Babban yatsan ya kwanta a karkace, ya bi layin daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya a nan.

Wata kaza ta zo ta leƙa kwanon furar, ba wanda ya kore ta.

“Yarinyar nan ba ta jin magana,” in ji Iya a hankali, ba da kowa take ba. “An ce ta dama, ta dama. In na tsawata sai ta ce, Iya, ai ruwan bai san da wane hannu aka jawo shi ba.” Ta sake bin layin da yatsa. “Guganta kuwa ba ya zuwa rabi. A cike yake fitowa.”

Zakiyya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma. Idon Iya a bushe yake.

“Kina nan?”

“Ina nan, Iya.”

“Kin ji shi?”

“Na shafa, ban ji ba.”

“Da wane hannu?”

“Da dama.”

“Kawo ɗayan.”

Ta miƙa hagu. Tsohuwar ta kama yatsan, ta juya mata wuyan hannu, ta ce ta matso ta wannan gefen, nan mai ja ke tsayawa. Ta ɗora yatsan a saman katakon ta jawo shi a hankali, a karkace. A tsakiyar tafiyar Zakiyya ta ji katakon ya ɗan faɗa ƙarƙashin fatarta, kaɗan ƙwarai, ya ɗauki yatsan ya bi da shi har ƙasa.

“Kin ji?”

“Na ji.”

“To, iyakarsa ke nan. Abin da aka ba ta ke nan.” Iya ta saki hannun, ta gyara zaman katakon a cinyarta, ta dafa wurin da tafinta. Can ta ce, “Usaini, kori kazar nan, ka miƙo mini furata.”